Wai Sun Je Kano!

Yau ƙorafi na zo da shi, kuma ba zan rufa wa kowa asiri ba.

Makarantar su 'yata ta aiko da takarda cewa za a kai 'yan aji ziyarar ƙaro ilimi birnin Kano, kowane uba ya biya kuɗin mota da na abinci. Na biya da murnata. Da yarinya ta dawo na ce, “To uwata, me kika gano?” Sai ta ce, “Baba, mun hau matakala mai tafiya da kanta!” Na ce Dala fa? Ta ce malam ya nuna musu wani tudu ta tagar mota. Gidan Makama? Ba ta ma ji sunan ba. Ashe yini guda a wani katafaren kanti aka yi shi, ana shan askirim ana ɗaukar hoto.

Washegari na sami hedimasta. Amsarsa ce ta sa na ɗauki alƙalami: “Alhaji, ai yaran yanzu ba sa son tarihi, gundurarsu yake yi.”

Ƙarya ne, kuma rashin iya rawa ne ake ɗora wa ganga. Abin da ke gundurar yaro shi ne malami ya jera shi a rana yana karanto masa sunayen sarakuna kamar mai kiran rajista. Amma a kai wannan yaron marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take. A ce kowa ya zo da farin ƙyalle daga gida, ya ƙulle shi da zare yadda ya ga dama, a tsoma a rijiyar da aka haɗa baba da toka. Ƙyallen zai fito kore-kore, iska na bugunsa ya rikiɗe ya zama shuɗi a gaban idonsa. Wane yaro ne zai yi hamma a nan? Ga tarihi, ga kimiyya, ga wasa, ga kuma tsarabar da zai kai wa mahaifiyarsa. Daga nan a leƙa wajen masu bugu ya ji yadda tabare ke sauka a kan shadda, a ba shi ya gwada ɗagawa.

Dala kuwa da sanyin safiya ake hawanta, kafin rana ta yi zafi. Can a sama ne za a ba su labarin Barbushe da Tsumburbura, birni na shimfiɗe a ƙasansu, a ce su nemo hasumiyar babban masallaci da yatsa. In an sauko sai Gidan Makama, wanda asalinsa ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, sarkin da ya kafa kasuwar Kurmi, wanda a zamaninsa Shehu Al-Maghili ya zo Kano. Kurmin ma a shiga da su, a raba su goma-goma, kowane rukuni da malaminsa, su yi ciniki da dukawa da bakinsu. Abincin rana gurasa da tsire. Askirim ai akwai shi a garinmu.

Akwai wurin da ya fi ci mini rai da aka tsallake, Gidan Ɗan Hausa. Nan ne gidan Baturen nan Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909, shekara shida bayan Turawa sun ci Kano a 1903. Wato 'yan boko sun zo garin, an wuce da su ta kusa da tushen bokon nasu, ba wanda ya ce musu uffan. Anya malaman su kansu sun sani? Nan fa gizo ke saƙar. Ina zargin kantin ya fi wa malamai sauƙi ne saboda can babu yaron da zai yi tambayar da za ta kunyata su.

Na san za a ce da ni tsaron hanya, da tsadar mai, da wahalar kula da yara a cikin cunkoso. Na yarda. Sai dai hanyar da ta kai su kanti ita ce mai kai su Dala, man da aka ƙona ɗaya ne. Abin da ya ɓace shiri ne kawai. Malami ɗaya ya riga zuwa ya ga wuraren, a rubuta wa masu kula da gidajen tarihin takarda, a guji ranar Juma'a, a yi mako guda ana ba yara labarin garin a aji, kowa ya tafi da tambaya uku a littafinsa.

Kuma da sauri ya kamata. Ganuwar da aka soma ginawa zamanin Sarki Gijimasu, cikin ƙarni na 12, tana zaizayewa, ruwa na ci, masu ɗibar ƙasa na ci, gine-gine na hawa kanta. Abin da 'yata za ta iya taɓawa da hannunta bana, wataƙila 'yarta sai a hoto.

Na faɗa wa hedimasta cewa zangon karatu mai zuwa, in an sake aiko da takarda, sai na ga jerin wuraren da za a je a rubuce kafin sisina ya fita. Ita kuwa uwata, hutun nan ni zan kai ta, ta riga ta ajiye farin ƙyallenta.