Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima

Duk wanda ya ratsa inda samari ke taruwa da marece a manyan garuruwa, ko ya leƙa zauren wasa na wani otel bayan an tashi daga biro, yana iya cin karo da wani sabon abu: saurayi tsaye bakin tebur mai koren ƙyalle, sanda a hannun dama, salula a hannun hagu. Ba waya yake bugawa ba, darasi yake ɗauka. Wani malami ne can Amurka ke nuna masa a bidiyo inda zai auna farin ƙwallo domin ya bugi ɗan'uwansa ya jefa shi rami. Sai ya aje salula, ya sunkuya, ya buga. Ƙwallo ya daki bakin rami ya komo. Ya sake ɗaukar salula. Haka za a yi ta yi har kuɗin intanet su ƙare, na tebur ma su bi bayansu.

Wanga wasa shi ne Faransawa ke kira biyar, ba biyar ta ƙidaya ba. Maƙwabta na Najeriya kuwa sukan ce masa sanuka, ko da yake sanuka ta ainihi wasan Ingilishi ce mai tebur mafi girma. Wanda ake zance a kansa nan na Amurka ne: tebur mai rami 6, ƙwallaye 15 masu launi, da fari guda wanda shi kaɗai sanda ke taɓawa. Tambayar da ta kamaci uba mai biyan kuɗi, da ma'aikacin da ya mai da wasan abin hutunsa, ita ce: bidiyo na iya koya wa mutum auna ƙwallo, ko kuwa asarar dukiya da lokaci ne kawai?

Neman sirrin wanga wasa ba yau anka fara shi ba. A farkon ƙarni na 19, wani hafsan sojan Faransa, François Mingaud, wanda ya yi zaman kaso a Pari, shi ake danganta wa dabarar liƙa ƴar fata a bakin sanda. Da wagga fata ce anka samu ikon murza ƙwallo ya juya gaba, ko baya, ko gefe. Littafinsa ya fito a 1827. Shekara 8 bayan haka, a 1835, Gaspard-Gustave Coriolis, masanin nan da ƴan lakol ke jin sunansa a darasin iska da juyawar duniya, ya rubuta littafi sukutum a kan lissafin motsin ƙwallayen biyar. Ke nan kusan shekara 200 da sunka wuce an riga an san dokokin da ƙwallo ke bi.

Abin da ya sake shi ne hanyar isar da sanin. A 1978 wani Ba'amurke, Robert Byrne, ya wallafa littafin koyon wasan da ya yi suna, daga baya ya mai da darussansa kasat na bidiyo. Kasat ya ba faifan DVD wuri, faifai kuma ya ba intanet wuri bayan da anka buɗe YouTube a 2005. Cikin waɗanda sunka fi amfana wa masu koyo akwai David Alciatore, malamin aikin injiniya da ya koyar a jami'ar jihar Kolorado, wanda ya fid da littafinsa a 2004, ya kuma riƙa ɗaukar karon ƙwallaye da kyamara mai saurin gaske, yana nuna shi sannu-sannu har ido ya ga abin da a da sai dai a ƙaddara.

Dabarar fari da kusan kowane bidiyo ke somawa da ita, ita ce ta ƙwallon fatalwa. Mai wasa ya ja layi cikin zuciyarsa daga tsakiyar rami, ya ratsa cibiyar ƙwallon da yake son jefawa, ya ɓullo ta bayansa. A kan wanga layi sai ya ƙaddara wani ƙwallo na ƙarya manne da na gaskiya. Inda cibiyar na ƙaryar take, can zai tura cibiyar fari. Da yake faɗin ƙwallo milimeta 57 ne, wurin da ake auna yana milimeta 57 daga cibiyar ƙwallon da za a jefa, wato a sarari yake, inda babu komi sai ƙyalle. Nan ne sabon shiga ke faɗuwa. Shi yakan ga tabon da ya kamata a daka a jikin ƙwallo, sai ya auna tsakiyar fari daidai wanga tabo, ya manta cewa fari ma kewayayye ne, gefensa zai riga tsakiyarsa isa. In ba bugun kai-tsaye ba ne, sai karon ya yi kauri, ƙwallo ya kauce wa rami. Wanga kuskure, wanda wani zai shekara yana yi bai san dalili ba, bidiyo na minti 5 yana warware shi. Wanga alheri ne da babu mai musunsa.

Dabara ta biyu za ta fi kwanta wa ɗan kasuwa a rai, domin ta rabo ce. Ana duba yawan abin da fari ya rufe na jikin ɗan'uwansa sa'ad da sunka haɗu. In ya rufe shi duka, sai ya tafi sak. In ya rufe uku bisa huɗu, ya karkata da wajen digiri 14 da rabi. In rabi ne, wato an auna tsakiyar fari a kan gefen ɗan'uwansa, digiri 30 cif. In rubu'i ne, kusan digiri 49. Mai koyo ya haddace waɗanga huɗu kamar yadda yaro ke haddace awon tiya da rabinta, sauran kusurwoyi kuma ya ƙara ko ya rage. Akwai ta uku, ta ƴan alamomin nan 18 da ke jere a katakon gefen tebur, waɗanda ake ƙidaya da su in ana son ƙwallo ya daki bango ya komo. Ita ma tsohuwa ce; har kamfanin Disney ya bayyana irinta cikin wani fim na zane na koyar da lissafi a 1959.

To, in dokoki sun fito fili haka, me ya hana saurayin nan jefa ƙwallo? Amsar tana cikin wani ɗan lissafi da masu tallar bidiyo ba su cika tsayawa a kansa ba. Bakin ramin kusurwa a teburin gasa wajen santimeta 11 da rabi ne, ƙwallo kuwa ya cinye kusan 6. Saura ƙasa da santimeta 3 a kowane gefe. In ƙwallon yana nesa da rami da mita guda, kaucewar da ba ta kai digiri 2 ba ta isa ta hana shi shiga. Kuma abin da ke haifar da wagga kaucewa shi ne fari ya kuskure wurinsa da abin da bai kai milimeta 2 ba. Ƙwayar gero ke nan. Babu mai ɗaukar ma'auni a bakin tebur. Ido ne ke yanke hukunci, hannu ya zartar.

Bayan wannan, ƙwallaye ba su da santsin da zane ke nunawa. Sa'ad da sunka haɗu a karkace, sukan ɗan kama juna, fari ya ja ɗan'uwansa ya fid da shi daga layi da ƴan digiri, musamman in bugun mai laushi ne. Datti na ƙara wagga matsala. Malamin bidiyo yana wasa da ƙwallaye masu ƙyalli, a kan sabon ƙyalle, a ɗaki rufaffe. Ɗalibinsa kuwa yana iya zama a rumfa, ƙurar hunturu ta lulluɓe tebur, ƙafa ɗaya an tokare ta da kwali. Haka kuma in an bugi fari a gefe domin a murza shi, ba ya bin inda sanda ta nuna, yakan ɗan zille zuwa ɗaya gefen. Sannan ga babbar illa: bidiyo ba ya ganin mai kallonsa. Bai san cewa kan ɗalibi ya karkace ba, ko gwiwar hannunsa na lilo, ko yana ɗaga kai kafin sanda ta gama tafiya. Mutum na iya auna daidai ya buga ba daidai ba, sai ya ɗora wa dabara laifi, ya tafi neman wata.

A nan ne kasuwa ta buɗe. A Amurka an daɗe ana gardama a kan wata dabara da ake kira CTE, ma'ana daga cibiya zuwa gefe, wadda ake danganta asalinta ga Hal Houle, wani malamin wasa mai suna Stan Shuffett kuma ya yaɗa ta a faifan DVD. Mai wasa yakan daidaita cibiyar fari da gefen ɗaya ƙwallon, ya daidaita gefen fari da ɗaya daga ƴan wurare ƙididdigaggu a jikinsa, sannan ya juya sanda zuwa cibiyar fari ya buga. Mabiyanta sun ce ba ta buƙatar ƙaddara fatalwa, kuma sun ga amfaninta. Masu lissafi sun amsa da cewa ƴan tsayuwa kaɗan ba za su haifi dukan kusurwoyin da ke kan tebur ba, sai fa in ido na yin gyara a ɓoye, mai shi bai sani ba. Abin lura shi ne, har cikin masu sukar akwai waɗanda sunka yarda cewa tana taimakon wasu, domin tana tilasta wa mutum ya tsaya, ya duba, ya sunkuya iri ɗaya a kowane bugu. Wato abin da anka saya da sunan sirri, natsuwa ce da tsari. Ɗan kasuwar da ya taɓa ganin mai maganin cuta 99 a bakin tasha ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Tarihin gwanaye ma shaida ne. Willie Mosconi, wanda ya jefa ƙwallo 526 a jere ba kuskure a 1954, bajintar da ba a wuce ta a hukumance ba sai a 2019, ɗan mai zauren biyar ne a Filadelfiya. Ana ba da labarin cewa da ubansa ya kulle ƙwallaye don ya hana shi, sai yaron ya riƙa gwaji da dankali da sandar tsintsiya. Efren Reyes na ƙasar Filifin, haifaffen 1954, zakaran duniya a 1999, ya tashi ne a zauren kawunsa a Manila, yana taka akwati domin ya kai tebur, yana kwana a kansa da dare. Babu ɗayansu da ya koyi auna a bidiyo. Shi ya sa tsofaffin ƴan wasan Amurka kan ce dabarar da ta fi kowace ita ce mutum ya buga ƙwallo miliyan guda. Bahaushe ya riga su faɗi: yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya.

Wanga ba ya nufin a jefar da salula. Yana nufin a san matsayinta. Mai son ya amfana ya zaɓi dabara guda ya zauna a kanta, domin taura biyu ba ta taunuwa. Ya kalli darasi ɗaya, ya kashe waya, ya jera bugu iri ɗaya sau 20, ya rubuta nawa sunka shiga, waɗanda sunka kauce kuma ta wane gefe sunka bi. Gobe ya sake. Ɗan kasuwa ba ya cewa ya ci riba sai ya buɗe littafi. Haka ma mai koyo, in babu ƙidaya, zuciya za ta tuna masa bugu ɗaya mai kyau ta ɓoye masa 10 da sunka lalace. Mafi amfani kuma shi ne ya juya kyamara ta kalle shi: ya jingine salula a ƙarshen tebur, ya ɗauki kansa yana bugawa, ya ga yadda sandarsa ke tafiya. In an samu dattijon da ya daɗe a wasan ya tsaya bayansa na rabin sa'a, wannan ya fi darasi 100.

Saura magana guda, wadda ta fi duk waɗanda sunka gabata nauyi. Wanga wasa, tun a ƙasashen da ya fito, ya daɗe yana maƙwabtaka da caca. Haɗarin bidiyo shi ne yakan cika kai da sani tun hannu bai ƙware ba. Yaron da ya kwana yana kallon gwanaye yakan tashi yana jin ya zama ɗayansu, kuma irinsa ne tsohon ɗan caca ke jira: ya bar shi ya ci na fari da na biyu, a na uku a ninka kuɗi. Abin da ke tafiya a nan ba na yaron ba ne; cinikin kanti ne da anka ba shi ajiya, ko kuɗin lakol, ko albashin da iyali ke jira ƙarshen wata. Addini ya hana caca, hankali ma ya ƙi ta. Uban da ya ga ɗansa da wanga sha'awa ba sai ya karya sanda ba. Ya tambaye shi nawa ne digirin rabin ƙwallo, ya tambaye shi kuma wa ke biyan tebur, da abin da ake ajewa a gefensa. Amsar fari za ta nuna ko yana koyo, ta biyu za ta nuna ko ana cinsa.

Gani ya kori ji, haka ne, kuma bidiyo ya kawo gani har cikin aljihu. Amma ido ba ya sanin kima don ya kalli mai awo. Yana saninta ne don ya daɗe a bakin tiya. Allah ya sa a yi wasa a inda wasa ya dace, a tashi lokacin da ya kamata a tashi. Sai mako mai zuwa, in rai ya kai.