Gyambon Bakin da Ya Wuce Mako Uku

Tun farkon ƙarni na goma sha bakwai, lokacin da taba ta fara yaɗuwa a ƙasashen Sudan da Magrib, malamai suka yi saɓani a kan hukuncinta, wasu suka haramta, wasu suka karhanta, wasu kuwa, cikinsu har da Shaihu Ahmad Baba na Tumbuktu, suka halatta, bisa hujjar cewa ba ta gusar da hankali. Ba na ganin aibin Shaihun, domin illar da take yi wa jiki ba ta tabbata ga likitoci ba sai a tsakiyar ƙarni na ashirin. Amma tun da yake ƙa'idar fuƙaha'u ce cewa abin da cutarwarsa ta tabbata ya wajaba a nisance shi, mu da muka riski zamanin da dalili ya bayyana ba mu da uzurin da magabata suka samu.

Maganar da ta dame ni a wannan mako ita ce sankarar baki, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 kaɗai ta kama mutum kusan 390,000, ta kashe kusan 188,000. Wanda duk ya san zaman majalisun Nima da Maamobi da New Town a Accra, ya san dattijon da ke tura tabar asara gauraye da kanwa tsakanin leɓe da dasashi, ya bar ta tana jiƙa tun bayan azahar har kiran la'asar, ya kuma san samarin da suka ɗauki shisha ado suna zaton ruwan tulun yana tace gubarta, to ya ga babban sababin wannan cuta da idonsa. Giya ita ce ta biyu, ko da yake ba a ambatonta a zaurukanmu sai da raɗa, kuma idan ta haɗu da taba a baki ɗaya haɗarin yakan ninka ƙwarai. Goro kuwa, wanda fataucinsa ne ya kawo kakanninmu Salaga tun kafin a san Zangon Accra, adalci ne a ce ba shi ne ƙwallon da mutanen Hindu ke taunawa ba, wanda masana suka tabbatar yana haddasa sankara. Laifin goron namu shi ne yana rina baki ja, sai ya ɓoye tabon da ya kamata a gani da wuri.

Cutar takan soma ne a gefen harshe, ko ƙarƙashinsa, ko cikin kunci, da ɗan gyambo wanda sau da yawa ba ya ko zafi, ko farin tabo da ba ya kankaruwa, ko jan tabo mai santsi. Daga baya haƙori ya yi girgiɗi babu dalili, leɓe ya yi sanyi kamar ba na mutum ba, haɗiya ta yi wuya, kaluluwa mai tauri ta fito a wuya. Kurajen baki na al'ada sukan warke cikin mako biyu. Wanda ya zarce uku, likita ne kaɗai ke da ikon cewa ba kome.

A nan ne muke yin asara. Mai gyambo ya fara da ruwan gishiri, ya koma kanumfari da garin bagaruwa, ya sayi ƙwayoyi a kemis, har idan wata huɗu sun shuɗe abin yana ci, sai dangi su taru su yanke cewa sammu ne, ko kuwa su ce daji ne, daji kuma ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi da allura ko wuƙar likita sai ya fusata ya bazu. Wannan camfi ya kai bayin Allah da yawa kushewa, kuma asalinsa a fili yake: mutane ba sa zuwa asibiti sai cuta ta riga ta gama jiki, idan aka yi aiki mara lafiya ya rasu, sai a ɗora wa wuƙa alhakin jinkiri. Alhali kuwa wadda aka kama tana ƙarama, mafi yawan masu ita suna warkewa.

Hanyar ganewa ba ta da wani sirri. Likitan haƙori, ko na asibitin unguwa irin Babban Asibitin Maamobi, zai duba baki ya shafa wuya, in ya yi shakka ya tura mutum asibitin Korle Bu, inda za a kashe wurin da allura, a yanki ɗan nama ƙanƙane a kai ɗakin bincike, domin da wannan ne kaɗai ake samun yaƙini. Sa'an nan a ɗauki hoton kai da wuya a ga iyakar inda ta kai. Magani kuwa tiyata ce a cire tsiron da abin da ke kewaye da shi, wani lokaci har da kaluluwar wuya, sai gashi da na'ura, wanda Korle Bu take yi tun 1997, asibitin Komfo Anokye na Kumasi kuma tun 2004, a wasu lokuta a haɗa da magungunan ƙarin ruwa masu kashe ƙwayoyin sankara. Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, akwai wahala: baki yakan bushe, ɗanɗano ya gushe, magana ta yi nauyi, kuma inshorar lafiya ta ƙasa da aka kafa a 2003 ba ta ɗauke nauyin kowace irin sankara ba, saboda haka iyali sukan sayar da abin hannunsu. Gwargwadon jinkiri, gwargwadon girman yanka da yawan kuɗi.

Majalisar dokokin Ghana ta yi nata a 2012, da dokar lafiyar jama'a mai lamba 851 wadda ta hana tallan taba da sayar da ita ga yara, sai dai doka ba ta shiga zauren da malami ke shiga. Mai gyambo a unguwanninmu yakan iso wurin malam watanni kafin ya ga likita, don haka roƙona ga malamanmu, Allah ya ƙara musu daraja, shi ne idan an zo neman addu'a da rubutu su bayar, su kuma tambayi mako nawa miki ya yi, in ya wuce uku su haɗa mai shi da yaro ya raka shi asibiti a ranar.