SUNAN TSIBIRI HAƘƘIN MAZAUNANSA NE

Hausawa sun ce suna linzami ne. Duk wanda ya duba taswirar tekun Atilantika daga gaɓar Nijeriya zuwa kudu zai ga gaskiyar wannan magana, domin sunayen tsibiran da ke wurin suna nuna wanda ya taɓa riƙe linzaminsu.

Tsibiri mafi girma a cikinsu shi ne Bioko, na ƙasar Ikwatoriyal Gini. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,000, kuma tsakaninsa da gaɓar Kamaru kimanin kilomita 32 ne. Al'ummar Bubi sun daɗe zaune a cikinsa kafin wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Fotugal, mai suna Fernando Po, ya iso wajen shekarar 1472. Duk da haka sunan baƙon aka liƙa wa tsibirin har shekara ɗari biyar. Maƙwabtansa ma haka aka yi musu. Sao Tome ya sami sunan wani waliyin Kirista, Annobon kuwa an kira shi da gaisuwar sabuwar shekara ta Fotugal, saboda ranar da Turawa suka fara ganinsa. A 1778 Fotugal ta miƙa Fernando Po da Annobon ga Sifen kamar kayan kasuwa, ba wanda ya nemi shawarar mazaunansu.

Saboda haka kankare sunayen mulkin mallaka abin yabo ne. Amma tilas a tambaya: wa ya zaɓi sabon sunan, kuma don amfanin wa? Ikwatoriyal Gini ta sami mulkin kai a 1968. A 1973 Shugaba Macias Nguema ya soke sunan Fernando Po, ya raɗa wa tsibirin nasa sunan. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. A ƙarƙashin sabon sunan aka karkashe 'yan ƙasa, dubbai suka yi gudun hijira. 'Yan Nijeriya masu aikin ƙodago a gonakin koko, waɗanda ake kaiwa can bisa yarjejeniyar Ingila da Sifen ta 1942, sun sha duka da hana albashi, har gwamnatin Nijeriya ta kwaso dubbansu zuwa gida a 1975 da 1976. Sai da aka hamɓarar da Macias a 1979 tsibirin ya koma Bioko.

Tsibiran tekun Fasifik sun bi wata hanya dabam. Tsibiran Ellice sun zama Tuvalu, suka sami 'yanci a 1978, kuma sunan yana nufin tsibirai takwas da suka tsaya tare. New Hebrides, wanda Ingila da Faransa suka yi wa mulkin haɗin gwiwa, ya zama Vanuatu a 1980, daga kalmarsu mai nufin ƙasa. Mutanen tsibiran Gilbert kuwa a 1979 sun riƙe sunan Baturen, amma suka furta shi yadda harshensu ya ba su, ya zama Kiribati. Ba wanda zai zarge su, tun da su ne masu ƙasa, kuma su suka ga dama.

Nan ne ma'aunin yake. Darajar suna tana ga yardar jama'ar da za su amsa shi, su haifi 'ya'ya a ƙarƙashinsa. Shugaban da ya cire sunan Bature ya sa nasa, alhali talakawa na cikin ƙangi, ya gaji mulkin mallaka ne kurum. Ya kamata shugabannin Afirka, waɗanda hannunsu ke saurin kaiwa ga sake sunayen garuruwa da tituna da jami'o'i, su riƙa tuntuɓar jama'a tukuna. Sunan da Macias ya ɗora da ƙarfin bindiga shekara shida kaɗai ya yi.