Agogon Alhaji A Tashar Anaca

Fataken Arewa mazauna Fatakwal da Anaca da Inugu sun daɗe da sanin cewa agogo mai tsada kiran ɓarawo yake yi. Baƙo ne bai sani ba. Alhaji ya sauka Upper Iweka a Anaca, ya saɓa babbar riga, Rado na walƙiya a hannu, ai ya yi shela ke nan. Gara ya jefa shi aljihun 'yar ciki tun kafin mota ta haye gadar Kwara. A Diobu ta Fatakwal kuwa, in motoci sun cushe, kada ya ɗora hannu a taga. In har an fizge, ya haƙura da bi cikin lungu, domin ɗan fizge ba ya fita shi kaɗai, abokansa na gaba suna jira da wuƙa.