Cinikin Biri a Sama: Musu Kan Ƙarfin Hoton Na'urorin Wasan Bidiyo

A ranar 24 ga Fabrairu, 2020, kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya sanar da cewa sabuwar na'urarsa ta wasan bidiyo, Xbox Series X, za ta zo da ƙarfin zana hoto na terafulof 12. Bayan kimanin mako uku, a ranar 18 ga Maris, Mark Cerny, wanda ya jagoranci tsara PlayStation 5 ta kamfanin Sony na ƙasar Japan, ya bayyana cewa tasu na'urar ƙarfinta terafulof 10.28 ne. Daga nan sai gardama ta kaure tsakanin masu sha'awar wasan a sassan duniya. Wasu suka ce magana ta ƙare, tun da 12 ta fi 10. Wasu kuma suka ce ba a nan take ba. Na'urorin biyu kuwa ba su shiga kasuwa ba sai a watan Nuwamba. Ke nan an shafe wata takwas ana musu a kan hoton da babu wanda ya taɓa gani a talabijin ɗin ɗakinsa. Irin wannan ne Hausawa ke kira cinikin biri a sama.

Wannan musu ba baƙo ba ne a gidajen gem na biranen ƙasar Hausa, inda samari ke biyan kuɗi su buga wasan ƙwallo, kuma duk lokacin da aka ji labarin sabuwar na'ura sai ya sake tashi. Musun kansa ba aibu ba ne. Aibun shi ne ɗora hukunci a kan lamba guda ɗaya wadda mai talla ya zaɓa, ba tare da an tambayi abin da ta auna ba. Ɗalibin da ya saba karɓar lamba a haka a wurin wasa, haka zai karɓe ta gobe a kan kwalin magani, ko buhun taki, ko jikin janareta.

Yadda Na'ura Ke Zana Hoto

Hoton da ake gani a talabijin tarin ɗige-ɗige ne masu launi, an jera su sahu-sahu. Talabijin na ma'aunin 1080 yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, jimla 2,073,600. Wanda ake kira 4K yana da 3,840 a kwance da 2,160 a tsaye, jimla 8,294,400, wato ninki huɗu na na farko. Motsin da ido ke gani kuma hotuna ne tsayayyu da ake sauyawa da sauri, 30 ko 60 a cikin sakan ɗaya.

A fim, an riga an ɗauki waɗannan hotuna, aikin na'ura nunawa ne kawai. A wasan bidiyo ba haka abin yake ba, domin na'ura ba ta san inda mai wasa zai juya ba sai ya juya. Saboda haka dole ta ƙirƙiri kowane hoto nan take. Tana gina jikin ɗan ƙwallo ko mota daga dubban ƙananan alwatika, ta lissafa inda kowace za ta faɗa a fuskar talabijin, sannan ta lissafa launin kowane ɗigo gwargwadon haske da inuwar da suka same shi. Idan ana son hoto 60 a sakan, lokacin da take da shi na gama hoto ɗaya bai kai kashi 17 cikin 1,000 na sakan ba. A ma'aunin 4K, ɗigo kusan miliyan 498 ke nan a kowane sakan.

Daga Ina Lambar Ta Fito?

Terafulof ɗaya na nufin lissafi tiriliyan ɗaya, na lambobi masu ɗigon desimal, a cikin sakan ɗaya. Abin da masu musu da yawa ba su lura da shi ba shi ne, lambar da kamfanonin suka bayar ba sakamakon gwajin wani wasa ba ce. Sakamakon ninkawa ce, wadda ɗan aji uku na sakandare zai iya yi a bayan littafinsa.

Kamfani ɗaya ne, AMD, ya tsara wa na'urorin biyu sashen zana hoto, kuma bisa tsari iri ɗaya. An kasa sashen gungu-gungu, kowane gungu yana da ma'aikatan lissafi 64, kowane ma'aikaci kuma yana iya haɗa ninkawa da tarawa a bugu ɗaya, sai a ƙirga masa lissafi biyu. Xbox Series X tana da gungu 52 masu bugu biliyan 1.825 a sakan. Idan aka ninka 52 da 64 da 2 da 1.825, za a sami kimanin biliyan 12,147, wato terafulof 12.15. PlayStation 5 tana da gungu 36 masu bugun da kan kai biliyan 2.23 a sakan. Ninkawa iri ɗaya za ta ba da kimanin biliyan 10,276, wato terafulof 10.28. Ratar da ke tsakaninsu kashi 18 cikin 100 ce.

Ma'anar wannan lissafi ita ce: idan kowane ma'aikaci ya sami abin yi a kowane bugu, ba tare da jiran ko ƙiftawar ido ba, wannan ne iyakar abin da za a samu. Babu wasan da ke gudana a irin wannan hali. Mai injin niƙa zai iya cewa injinsa na cinye buhu kaza a awa ɗaya, kuma bai yi ƙarya ba. Amma garin da za a kwasa da yamma ya dogara ne ga saurin mai zuba hatsi, da mai kwashe gari, da ƙwarewar mai kula da injin. A na'urar wasa, hatsin shi ne bayanan hoto, kuma sukan taso daga ma'ajiyar dindindin zuwa ƙwaƙwalwar aiki kafin su isa sashen zane.

A nan lambobin suka rarrabu. Kowace na'ura tana da ƙwaƙwalwar aiki ta gigabayit 16. A PlayStation 5 dukkanta tana miƙa bayanai da saurin gigabayit 448 a sakan. A Xbox Series X an raba ta biyu: gigabayit 10 na gudu da saurin 560, sauran 6 kuma da saurin 336. Ta fuskar ma'ajiyar dindindin kuwa, ta PlayStation 5 na karanta gigabayit 5.5 a sakan, ta Xbox Series X kuma 2.4. Da a ce wannan lamba ta ƙarshe aka ɗauka abin musu, da hukuncin ya juye, har da rata ta fiye da ninki biyu. Ba mamaki kowane kamfani ya fi nanata lambar da ya yi fice a kanta.

Gani ya kori ji. Xbox Series X ta fito a ranar 10 ga Nuwamba, 2020, PlayStation 5 kuma a ranar 12, kowace a kan dala 499 a Amurka. Masu gwaji irin su Digital Foundry na Ingila suka ɗauki wasa ɗaya suka auna shi a na'urorin biyu, hoto bayan hoto. Bambancin da suka samu a yawancin wasannin farko ƙarami ne, kuma a wasu, kamar Assassin's Creed Valhalla, na'urar mai ƙaramar lamba ce ta fi riƙe saurin hoto a lokacin da wasan ya fito.

Abin da Tarihi Ya Nuna

Kowane zamani da lambar da yake taƙama da ita. A farkon shekarun 1990 maganar bit ake yi. A 1993 kamfanin Atari ya fito da Jaguar, ya tallata ta a matsayin mai bit 64, alhali na'urorin Sega da Nintendo da ke kasuwa masu bit 16 ne. Ba ta sami wasannin kirki da yawa ba, kuma aka daina ƙera ta a 1996. A wannan shekarar ce Nintendo 64 ta fito, ita ma da lambar a jikin sunanta. Sai dai tana amfani da kaset ɗin da mafi girmansa ke ɗaukar megabayit 64, yayin da faifan sidi na PlayStation ta farko, mai bit 32, ke ɗaukar kusan 650. Masu ƙera manyan wasanni suka karkata ga faifai, ciki har da kamfanin Square, wanda ya fitar da Final Fantasy VII a kan PlayStation a 1997. An sayar da Nintendo 64 kusan miliyan 33, PlayStation kuwa fiye da miliyan 102.

Haka Game Boy ta 1989, wadda ba ta da launi sai inuwa huɗu kacal, ta yi wa Game Gear mai launi ta kamfanin Sega fintinkau, domin batir huɗu kan kai ta sa'o'i masu yawa, ita kuwa ta Sega takan cinye batir shida cikin 'yan sa'o'i. Wii ta 2006 ba ta ma iya zana hoto a ma'aunin 1080 ba, amma an sayar da fiye da miliyan 101, PlayStation 3 da ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba ta tsaya a kusan miliyan 87. Yawan ciniki ba hujjar kyan hoto ba ne, amma ya nuna cewa masu saye suna duba farashi, da yawan wasanni, da daɗin bugawa, fiye da yadda masu musu ke zato.

Akwai kuma majigin talla. A taron baje kolin E3 na 2005, Sony ya nuna hotunan wasan Killzone 2 waɗanda suka ba mutane mamaki, aka yi ta kafa hujja da su a kan ƙarfin PlayStation 3. Daga baya ta bayyana cewa ba na'urar ce ta zana su nan take ba. Majigi ne da aka shirya tun da farko don nuna abin da ake fatan cim ma. Wasan bai fito ba sai 2009.

Iyakar Idon Ɗan Adam

Wani ma'aunin da ba a cika sa shi cikin musun ba shi ne idon mai kallo. Ido mai matsakaiciyar lafiya yana iya rarrabe ɗigo biyu ne idan kusurwar da ke tsakaninsu ta kai kimanin kashi 1 cikin 60 na digiri. Talabijin mai inci 43 faɗinsa kusan santimita 95 ne. A ma'aunin 1080, faɗin ɗigonsa kusan rabin milimita ne, kuma irin wannan ido zai daina rarrabe shi daga nisan kusan mita 1.7. Wanda ya zauna mita uku daga wannan talabijin, da wuya ya ga ƙarin ɗige-ɗigen 4K, duk da na'urarsa ta ninka aikinta domin zana su. Wanda talabijin ɗinsa ma na 1080 ne, musun 4K bai shafe shi ba ko kaɗan.

Hujjar Masu Musu

Adalci ne a faɗi cewa masu son ƙarfin hoto suna da gaskiyarsu. Ratar kashi 18 cikin 100 ƙarama ce, amma ratar da ke tsakanin zamani da zamani babba ce: PlayStation 4 ta 2013 terafulof 1.84 take da shi, kuma duk mai ido zai ga bambancinta da magajiyarta. Lamba takan yi amfani idan ratar ta kai ninki biyar. Inda take ruɗarwa shi ne idan aka ɗauke ta alƙali tsakanin tsararraki biyu.

Daɗin daɗawa, kuɗin da masu wasa suka zuba wajen neman kyakkyawan hoto ya haifar wa kimiyya kayan aiki masu araha. A 2010 ɗakin binciken sojan saman Amurka ya haɗa PlayStation 3 guda 1,760 ya mai da su babbar kwamfuta guda. A 2012 Alex Krizhevsky da abokan aikinsa na Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada suka horar da manhajar gane hoto a kan katunan zane biyu na kamfanin Nvidia, irin waɗanda ake sayar wa masu wasa, suka lashe gasar ImageNet, abin da ya buɗe sabon babi a fannin ƙirƙirarriyar basira. Ashe sha'awar ba ta banza ba ce.

Abin da Ya Rage ga Ɗalibi da Malami

Kuskure ne malami ya kori wannan musu daga aji da sunan shiririta. Ɗalibin da ya haddace lambobin na'ura ya riga ya nuna yana son lamba. Abin da ya rage shi ne a koya masa tuhumarta. A ba shi terafulof 10.28 da 12.15, ya raba kowace da ɗigo miliyan 498, ya gano da kansa cewa kowane ɗigo na samun lissafi kusan 20,600 a na'ura ta farko da kusan 24,400 a ta biyu. A sa shi ya auna faɗin talabijin ɗin gidansu da nisan kujerar da yake zama, ya lissafa kusurwa. Ninkawa, da kaso, da ma'aunin kusurwa, duk suna cikin manhajar karatunsa.

Shi kuma ɗalibi, idan aka sake shelar sabuwar na'ura, ya riƙe tambayoyi uku kafin ya ɗauki ɓangare. Mene ne lambar nan ta auna, wane sashe kuma ta bari? An same ta ne ta hanyar gwaji, ko ta hanyar ninka ƙololuwar abin da zai yiwu? Wa ya bayar da ita, mai sayarwa ko wanda ba shi da riba a cinikin? Idan amsoshin ba su samu ba, ya dakata har na'urar ta fito a gwada ta, domin masu iya magana sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.