Iyo da Kafaɗa: Abin da Ake Samu da Abin da Ake Biya

Yaron da ya tashi a Mairuwa, cikin ƙaramar hukumar Faskari, ba ya neman malamin iyo. Dam ɗin garinsu ne makarantarsa. Takwarorinsa na Ƙanƙara da Sabuwa kuwa damina ce ke koya musu, idan kududdufai da rafuka suka cika. Kaɗan ne cikinsu ke kai ga ganin tafkin gasa mai tsawon mita 50, balle su shiga wasannin jami'o'in Najeriya, wato NUGA, da aka fara a Ibadan a 1966. Wanda ya kai can zai tarar iyo ya tashi daga wasa ya koma aiki, kuma kafaɗa ce ke yin aikin.

Amfanin iyo ba ya ɓuya. Ruwa na ɗauke nauyin jiki, don haka gwiwa da idon sawu na hutawa, saɓanin ƙwallo a busasshen fili. Zuciya da huhu na ƙara ƙarfi, ƙirji da baya na cika, kafaɗa na sakewa. Shi ya sa likitocin gashin ƙashi ke sa wasu majinyata motsa jiki cikin ruwa. Ga kuma babbar riba: ranar ambaliya, wanda ya iya ruwa na iya tsira har ya tsamo wani.

Illar tana cikin ƙirar gaɓar kafaɗa kanta. Kan ƙashin dantse ba ya nutsewa cikin rami mai zurfi kamar na ƙugu. Yana zaune ne kamar ƙwai a bakin ludayi, tsokoki huɗu da jijiyoyinsu ne ke riƙe da shi. Yanzu a yi lissafi. Idan ɗan wasa na wurga hannu sau 40 kafin ya ƙure tafki, atisayen mita 5,000 ya zama wurgi 4,000 a rana guda, kowanne da hannu a saman kai. Tsokokin gaba masu jan ruwa sai su fi na baya ƙarfi, masu riƙe allon kafaɗa su gaji, kan ƙashin ya riƙa ɗan zamewa, jijiyar sama ta riƙa gogar ƙashin da ke rufe da ita har ta kumbura. Tun 1974 wasu likitoci biyu a Kanada, Kennedy da Hawkins, suka bayyana wannan ciwo a jikin masu iyon gasa. Sakewar gaɓar da ke ba ɗan wasa dogon miƙi ita ce kuma ke sa ta rauni.

A wajenmu akwai ƙari. Saurayin Sabuwa ya yi damina yana huɗa da garma, da kaka ya sungumi buhunan masara, sannan ya koma makaranta ya faɗa tafki da gajiyayyar kafaɗa. Idan ta fara zogi da dare, ko ta hana shi kwanciya a wannan ɓarin, sai ya shafa man zafi, ya haɗiyi ƙwayar kashe ciwo, ya ci gaba, don kada abokai su ce shi rago ne. Wannan ita ce ɓarnar da ta fi damuna. Wani ma a kai shi wurin mai ɗori, alhali babu karaya; ja da murɗa ba sa sauke kumburin jijiya. Ruwan dam da kududdufi kuma na da tasa matsalar, tsargiya, wadda ba ruwanta da gwaninta.

A ganina ribar ta rinjayi hasarar, muddin aka ƙara nisan atisaye sannu a hankali, aka ƙarfafa tsokokin baya da igiyar roba, aka riƙa juya jiki tare da hannu, aka kuma huta da zarar ciwo ya soma. Wanda nasa ya ɗauki makonni bai lafa ba, ya nufi sashen gashin ƙashi na asibitin koyarwa da ke Shika, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano.