Gargaɗi ga Masu Cin Bashi Domin Karatun Aikin Asibiti

 Ku sani mas'alar da muke so mu warware yau ita ce ta yaran da ke neman takardar shaidar aikin asibiti, da bashin da iyayensu ke ci saboda ita.

Lalle aikin nan mai daraja ne, ba mu hana kowa. Wanda ya taɓa ɗaukar mai naƙuda a amalanke daga ƙauye zuwa Birniwa cikin dare ya san abin da malamin asibiti ɗaya ke tsare wa gari. Ambaliyar 2022 da ta ci gonaki da gidaje a kwarin kogin Haɗejiya ta ƙara nuna haka, domin bayan ruwa sai zazzaɓi da gudawa. Abin da muke kira gare shi shi ne a yi awo kafin a ci bashi, domin bashi tabbas ne tun ranar da aka karɓe shi, albashi kuwa fata ne har ranar da ya shigo hannu.

Awo na farko, ingancin takarda. Karatun nan iri-iri ne: ƙaramin ma'aikacin lafiyar jama'a, wanda ake kira JCHEW, shekara 2, babba, wato CHEW, shekara 3, sa'an nan akwai masu gwajin jini da masu ba da magani. Kowane iri yana da hukumar da ke ba shi lasisi, kuma ta ma'aikatan lafiyar jama'a an kafa ta da doka tun 1992. Takardar makarantar da hukuma ba ta yarda da ita ba, ko an yi mata ado da hatimi goma, ba ta kai yaro ga lasisi, kuma babu lasisi babu aikin gwamnati. Gwamnatin Jigawa tana da makarantar wannan fanni a Jahun, akwai kuma na 'yan kasuwa a garuruwa da yawa. Ko wace ce, uba ya nemi ganin shaidar yardar hukuma ga ainihin fannin da ɗansa zai karanta, kafin ya miƙa ko kwabo.

Awo na biyu, lissafin biya. A nan akwai wa'azi daga Amurka. Can an yi wani kamfanin makarantu mai suna Corinthian, yana koyar da mataimakan likita da wasu sana'o'i, ɗalibai suna cin bashi suna biyansa. Ya rushe a 2015, ya bar su da bashi da takardun da ba su kawo aiki ba, har a 2022 gwamnatin ƙasar ta yafe dala biliyan 5.8 ga mutum 560,000. A 2014 hukumarsu ta sa ma'auni: karatun sana'a yana cin jarrabawa idan biyan bashinsa bai wuce kashi 8 cikin 100 na abin da mai takardar ke samu a shekara ba.

To, mu ɗora ma'aunin nan a kan namu. A 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 a wata. Kashi 8 cikin 100 na wannan shi ne 5,600, a shekara 67,200. Misali mutum ya ci bashin 500,000 domin kuɗin makaranta da haya da abinci da jarrabawar lasisi: da wannan biya sai ya shekara 7 da 'yan watanni bai fita ba, ko da ba a ɗora masa ruwa ba. Ma'aikacin lafiya na gwamnati yakan samu fiye da haka, gaskiya ne, amma sai an ɗauke shi. Da yawa suna fara da sa-kai a asibitin gari ba albashi, ko aiki a kantin magani da ɗan abin da bai kai ba. Saboda haka a yi lissafi da ƙaramin samu, a ƙara da shekarun jira.

Awo na uku, wa ya ba da bashin, me aka jinginar. Gwamnatin tarayya ta sabunta dokar bashin ɗalibai a Afrilu 2024, asusun da ake kira NELFUND ya fara karɓar masu nema a Mayu na shekarar. Bashinsa ba ruwa, na makarantun gwamnati ne kaɗai, kuma idan lokacin biya ya yi ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Wannan ya fi sauƙi nesa, sai yaro ya tambayi magatakardan makarantarsa ko tana cikin tsarin. Amma shi ma bashi ne, ba kyauta ba: guzurin 20,000 a wata da aka fara bayarwa a 2024, wanda ya karɓe shi wata 24 ya ɗauki 480,000.

Mafi muni shi ne bashin mai ruwa, da jinginar gona, da cin kuɗin riɗi tun yana tsaye. Gona tana ciyar da gida duka, takarda ta mutum ɗaya ce. Wanda ya jinginar da abincin mutum goma domin albashin da bai zo ba, ya sa gidansa a bakin rijiya.

Shawararmu ita ce: dangi su haɗa hannu da kaka, a sayar da tunkiya ko buhu gwargwadon hali, abin da ya rage a neme shi inda babu ruwa. Idan lissafi ya ƙi, yaro ya dakata shekara guda ya tara, wannan ba abin kunya ba ne. Ku kuma malamai, ku ne ake kawo wa shawara a zaure. Wanda ya zo neman addu'a ga ɗansa, ku yi masa, sa'an nan ku ɗauko alƙalami ku zauna ku yi masa lissafin nan.

Allah ya ba yaranmu ilmi mai amfani, ya raba gidajenmu da nauyin bashi. Haza wassalam.